KUƊIN ASIBITI DA MAI JUNA BIYU: ABIN DA YA CANZA DA ABIN DA YA KAMATA IYALI SU SANI

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya ce da ma'aikatan sashen awo suke sha kusan kullum daga bakin mata masu juna biyu da mazajensu: "An ce haihuwa kyauta ce, to me ya sa aka ce mu biya?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa cikakkiya. Rashin sanin amsarta yakan sa mai gida ya riƙe matarsa a gida tana naƙuda don tsoron abin da za a caje shi, alhali wataƙila aikin da take bukata yana cikin waɗanda gwamnati ta ɗauke wa talaka. Yakan kuma sa wani ya taho hannu rabbana saboda ya ji an ce komai kyauta ne, sai ya iske akwai abin da dole ya saya cikin dare.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya gano cewa haihuwa 39 kawai cikin 100 ake yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma ma adadin bai kai 20 ba. Dalilan suna da yawa, amma kuɗi yana sahun gaba, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye.

YADDA AKA FARO

Dattawa suna tuna lokacin da ake zuwa asibitin gwamnati a yanki kati, a ga likita, a karɓi magani, ba tare da an biya wani abin a zo a gani ba. Wannan ya fara gushewa ne bayan faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, da kuma shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Kuɗin da ake ware wa asibitoci ya ragu, magani ya yi ƙaranci, aka koma rubuta wa mutane takarda su je kemis su saya. A 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka haɗu a Bamako ta ƙasar Mali suka amince da tsarin sayar da magani a asibiti a kan farashi mai sauƙi, a riƙa juya kuɗin ana sayo wani. Wannan shi ne asalin asusun juya kuɗin magani da ake gani a asibitoci da dama har yau. Tsarin ya taimaka wajen samun magani a kusa, amma ya ɗora nauyin a kan majinyaci.

Daga baya hukumomi suka lura cewa wannan nauyi yana hana mata zuwa asibiti. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta ga lafiya, ko da yake kasafin gwamnatin tarayya bai kai wannan mizani ba. A wannan shekarar ce kuma Jihar Kano ta fara shirin haihuwa kyauta a asibitocinta, wasu jihohin Arewa suka biyo baya da nasu, kamar shirin Haihuwa Lafiya na Jihar Jigawa. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka sani da NHIS, an kafa dokarta a 1999, ta fara aiki a 2005, sai dai galibin waɗanda suka amfana da ita ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da iyalansu.

DOKOKI BIYU DA SUKA SHAFE KI KAI TSAYE

Ta farko ita ce Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Wannan doka ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. An fara sa shi cikin kasafin kuɗi a 2018. Rabin kuɗin yana tafiya ne wajen biya wa marasa galihu inshora, kashi 45 ga ƙananan asibitoci don magani da kayan aiki da ma'aikata, kashi 5 kuma ga taimakon gaggawa. Manufar ita ce a sami aƙalla ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa inda mai ciki za ta yi awo ta haihu ba tare da an dame ta da kuɗi ba.

Sashe na 20 na wannan doka ya kamata kowane mai gida ya haddace shi. Ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa ga mutum bisa kowane dalili, kuma ya tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa. Ma'ana, macen da ta zo tana zubar da jini ko tana jijjiga, haƙƙinta ne a fara ceto ranta kafin a yi maganar kuɗi. Amma a lura, dokar ba ta ce an yafe kuɗin ba. Cewa ta yi kada a jinkirta taimako saboda shi.

Ta biyu ita ce dokar inshorar lafiya da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta soke NHIS ta kafa hukumar NHIA a madadinta. Sabuwar dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Nijeriya, ta ba jihohi damar gudanar da nasu tsarin, sannan ta tanadi asusun biya wa masu rauni. Cikin waɗanda dokar ta lissafa a matsayin masu rauni akwai mata masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A yanzu jihohi suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, kamar KSCHMA a Kano, kuma ta hannunsu ake yi wa talakawa rajista a ƙarƙashin wancan asusu.

TIYATAR HAIHUWA KYAUTA

A watan Nuwamban 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa gwamnatin tarayya za ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa ga mata marasa ƙarfi da suke bukatarta. Sanarwar ta zo ne tare da wani shiri na rage mutuwar mata wanda ya fi mai da hankali ga ƙananan hukumomi 172 inda abin ya fi tsanani. Hukumar NHIA ce ke biyan asibitocin da aka yi yarjejeniya da su kuɗin aikin. A shekarar ce kuma hukumar ta fara biyan kuɗin gyaran yoyon fitsari, ƙari a kan cibiyoyin tarayya da ke wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, da Ningi ta Jihar Bauchi, da Abakaliki.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a fahimta game da wannan shiri. Na ɗaya, ba kowane asibiti ne yake cikinsa ba, sai wanda aka tantance aka sa shi a jeri. Na biyu, an yi shi ne domin marasa ƙarfi, saboda haka akwai tantancewa da cike takardu, kuma yawanci ana neman lambar katin ɗan ƙasa. Na uku, likita ne yake yanke hukuncin cewa tiyatar ta zama dole. Don haka tun ranar awon farko a tambaya ko asibitin da ake zuwa yana cikin shirin, idan ba ya ciki, wane ne mafi kusa da yake ciki. Kada a bari sai naƙuda ta yi tsanani a fara wannan bincike.

TO ME YA SA HAR YANZU AKE BIYA?

Dalili na farko shi ne asibitoci hawa uku ne, kuma masu su daban-daban ne. Ƙananan asibitoci na unguwa da ƙauye suna ƙarƙashin hukumomin lafiya matakin farko na jiha da ƙananan hukumomi. Manyan asibitoci na gwamnatin jiha ne. Asibitocin koyarwa kuwa da yawansu na gwamnatin tarayya ne. Idan gwamna ya ce haihuwa kyauta ce a jiharsa, maganarsa ta tsaya ne a kan asibitocin da jihar ta mallaka, ba ta hau kan asibitin tarayya ba ko da yana cikin babban birnin jihar. Wannan ne ya fi rikita mutane.

Na biyu, kalmar "kyauta" tana da iyaka. Wani shirin ya ɗauke kuɗin kati da ganin likita da karɓar haihuwa, amma bai haɗa da hoton ciki ko wasu gwaje-gwaje ba. Haka kuma idan kayan da gwamnati ta kawo suka ƙare kafin a kawo wasu, sai a rubuta wa dangi su sayo. Ma'aikaciyar da ta miƙo takardar ba ita ta yanke farashin ba.

Na uku, tsadar kaya. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar sun ɗaga farashin magani ƙwarai, domin yawancin magunguna da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su. Kuɗin wutar lantarki da man janareta da ɗakin tiyata da ɗakin jarirai ba sa iya rabuwa da su ko na minti ɗaya shi ma ya tashi. A watan Yunin 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu kan umarnin cire haraji a kan kayan haɗa magunguna don sauƙaƙa wa masana'antun cikin gida, amma irin wannan mataki yakan ɗauki lokaci kafin tasirinsa ya iso kantin magani.

Sai batun jini. Jini ba haja ba ne, ba a sayar da shi. Abin da ake biya shi ne kuɗin ledar da ake zuba shi da kuɗin gwada shi don tabbatar da cewa ba ya ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ko ciwon hanta nau'in B da C, ko tunjere, da kuma gwajin dacewarsa da jinin mai karɓa. Ba za a iya tsallake waɗannan gwaje-gwaje ba.

Duk da haka akwai abubuwan da ba a sayar da su a asibitocin gwamnati: alluran rigakafin yara na yau da kullum, da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau wanda yake kare jariri daga ɗauka daga uwa, da maganin tarin fuka. Wanda aka nemi kuɗin ɗayan waɗannan daga gare shi ya kai rahoto.

IDAN KUNA DA INSHORA

Ma'aikacin da ke cikin tsarin tarayya, inshorarsa ta ƙunshi shi da matarsa ɗaya da 'ya'yansa 4 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata fiye da ɗaya ko 'ya'ya fiye da haka zai iya ƙara su a matsayin ƙarin iyali ya biya kuɗinsu daban. Magidanta da yawa ba sa gane wannan sai ranar da aka kawo amarya asibiti aka duba ba a ga sunanta ba. A gyara wannan tun da wuri, domin sabuwar rajista tana da lokacin jira kafin ta fara aiki. Wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, kamar ɗan kasuwa ko manomi ko mai sana'ar hannu, shi ma zai iya shiga ta hanyar biyan kuɗin shekara a hukumar jiharsa ko a ofishin NHIA.

Mai inshorar tarayya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Misali, idan maganin naira 5,000 ne, naira 500 zai bayar. Idan kuma ƙaramin asibitin da aka zaɓa ya ga aikin ya fi ƙarfinsa, zai rubuta takardar turawa, sannan a nemi lambar izini daga kamfanin da ke kula da inshorar, wanda ake kira HMO. A da jiran wannan lamba yakan ɗauki lokaci mai tsawo, shi ya sa a 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin da su riƙa bayar da ita cikin awa ɗaya. A yanayin gaggawa ba a jiran lamba, ana fara aiki ne a nema daga baya. Bayan haihuwa kuma a hanzarta yi wa jariri tasa rajistar, domin katin uwa makonnin farko kaɗai yake rufe shi.

INA YA KAMATA A YI AWO?

Ba kowace mai ciki ce take bukatar asibitin koyarwa ba. Macen da cikinta lafiya lau yake za ta sami kulawa mai kyau a ƙaramin asibitin da ke kusa da ita, da sauƙin kuɗi, da ƙarancin layi, ba kuma kuɗin mota. Asibitin koyarwa an tanade shi ne musamman domin waɗanda cikinsu ke da haɗari: mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon sikila ko na zuciya, wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, mai ɗauke da tagwaye, wadda ta sha ɓari ko haihuwar ɗa ba rai, yarinya ƙarama mai cikin fari, da wadda ta haihu sau 5 ko fiye. Idan an turo ki daga ƙaramin asibiti, ki taho da takardar turawa da katin awonki da duk sakamakon gwajin da aka yi miki. Wannan yana hana maimaita gwaji da biyan kuɗi sau biyu.

Wasu suna jinkirta awo sai ciki ya kai wata 7 don rage kashe kuɗi. Wannan tattali ne da ke jawo asara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8: na farko cikin makonni 12 na farko, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. A wurin awo ne ake gano hawan jini kafin ya zama jijjiga, a gano ƙarancin jini a magance shi da ƙwayar ƙarin jini mai araha kafin ya kai ga neman leda biyu ko uku, a ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu aƙalla sau 3, a kuma ga yadda jariri yake kwance. Kuɗin awo gaba ɗayansa bai kama ƙafar kuɗin kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman ba.

AIKIN MAI GIDA DA DANGI

Masana suna cewa jinkiri uku ne ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun taimako bayan an isa. Biyun farko a hannun iyali suke. Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye, saboda haka ga abin da muke ba da shawara a yi tun ciki yana ƙarami:

1. A fara ajiya daga ranar da aka tabbatar da ciki. Naira 200 kullum na tsawon wata 7 ta haura naira 40,000. A ware wannan kuɗi daban da na ragon suna da kayan barka. Suna yana iya jira ko a taƙaita shi, zubar jini ba ya jira.

2. Mai gida ya ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa ko wani babba a gidan, cewa ko ba ya nan a kai matarsa asibiti da zarar an ga alamar haɗari. Ya kuma faɗi wanda zai sa hannu a madadinsa idan ana bukatar tiyata.

3. A san rukunin jinin mai cikin, a kuma shirya mutum biyu masu lafiya daga dangi ko abokai da za su ba da jini idan bukata ta taso.

4. A yi magana da mai mota ko mai a-daidaita-sahu na unguwa, a riƙe lambar wayarsa. A wasu jihohin Arewa direbobin ƙungiyar NURTW suna da tsarin ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. A tambaya a tasha ko wurin mai unguwa.

5. A karɓi jerin kayan haihuwa daga ma'aikatan awo, a riƙa saye kaɗan-kaɗan, a haɗa su a jaka ɗaya kafin wata na 8. A sa katin awo, da katin inshora, da lambar katin ɗan ƙasa a ciki.

6. A biya kuɗi a wurin da asibiti ya tanada kawai, a karɓi rasit a adana. Tun 2015 kuɗin asibitocin tarayya asusun bai-ɗaya na gwamnati yake shiga. Kada a damƙa wa wani kuɗi a baranda don ya ce zai taimaka a tsallake layi.

7. Idan kuɗi ya gagara, kada a sulale da mara lafiya a koma gida. A nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya a yi bayani. Aikinsu ne su duba halin da iyali suke ciki su nuna hanyar da ta dace.

ALAMOMIN DA BA A TSAYAWA LISSAFIN KUƊI

Idan mai ciki ko mai jego ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti nan take, ko dare ko rana, ko da kuɗi ko babu: zubar jini kowane iri, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga ko suma, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, raguwa ko tsayawar motsin jariri, naƙudar da ta wuce awa 12, da mabiyiya da ta ƙi faɗowa bayan rabin awa da haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa yana iya halaka mace cikin awa 2 idan ba a tsayar da shi ba. Doguwar naƙuda kuma ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye.

KAMMALAWA

Tsare-tsaren gwamnati suna canzawa, farashi ma yana canzawa, kuma abin da ake yi a wannan jiha ba lallai ne ya zama shi ake yi a maƙwabciyarta ba. Saboda haka kada a dogara da ji-ta-ji-ta. A zuwanki awo na gaba, ki tambayi ma'aikaciyar jinya abubuwa huɗu: me aka ɗauke mini, me zan biya, ina zan yi rajistar inshora, kuma ina za a kai ni idan abu ya rikice. Matambayi ba ya ɓata. A karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan darasi, musamman iyayen miji da kakanni, domin sau da yawa maganarsu ce ake bi ranar naƙuda.

Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a haifa.